Ƙasusuwan Hamadar Agadas: Na Samudawa Ne ko Na Dabba?

Lokaci-lokaci wani hoto yakan zagayo wayoyin mutane: ga ƙaton ƙashi kwance a rairayi, ga mutum tsaye kusa da shi kamar yaro, a ƙasa an rubuta wai an tono Samudawa a hamadar Nijar. Ƙasusuwan kam suna nan, wannan gaskiya ne. A Gadufawa, cikin Tenere gabas da Agadas, iska kan share yashi ta bar su a fili. Masanin Faransa Philippe Taquet ya yi tono a wurin tun daga 1965, daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo da tasa tawagar. Sai dai abin da suka haɗa yana da ƙafa huɗu, da doguwar jela, da dogon wuya, da ɗan ƙaramin kai. Dainoso ne na dangin da ake kira sorofod. Hotunan ƙoƙon kan mutum mai girman ɗaki kuwa haɗi ne na kwamfuta.

Akwai abin da ke ƙara rikita zancen. A shekarar 2000, wajen neman ƙasusuwan dainoso, tawagar Sereno ta ci karo da tsohuwar maƙabartar mutane a Gobero. Waɗannan mutane ne kamarmu, sun rayu a bakin wani tafki shekaru dubbai da suka wuce, mafi daɗewarsu kusan shekara 10,000. Sorofod kuwa sun ƙare shekara miliyan 66 baya. Hamada ɗaya ta adana su, amma ba su taɓa haɗa ido ba.

Sai batun dabba mai haƙora 500, wanda ya fi kowanne yawo. Shi ma gaskiya ne, kuma dabbar Gadufawa ce, wadda aka raɗa wa suna Nigersaurus taqueti a 1999. Ƙaryar tana wajen cewa dodo ne mai cin nama. Bakinsa faffaɗa ne kamar bakin shebur, haƙoran sun jeru a gaba, bayan kowane haƙori akwai wasu da ke jiran layi, shi ya sa adadin ya haura 500. Yana kiwo ne kai ƙasa, yana yankar tsirrai masu laushi, ƙasa tana cinye haƙoran, don haka kusan duk kwana 14 sabo ke maye gurbin tsoho. Tsawonsa kamar mita 9, nauyinsa bai wuce na giwa ba, kuma ya rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da Tenere ke da koguna da dausayi. Wasu a intanet sun maida sunansa abin zagin baƙar fata, abin da ke ɓata mini rai matuƙa. Sunan ƙasar Nijar aka ba shi, ɗaya rabin kuma girmamawa ce ga Taquet.

Ɗan'uwansa Jobaria, wanda aka tono a yankin Ingal, ya ninka shi tsawo, wajen mita 18. An ɗauko sunansa daga Jobar, wata halitta ta tatsuniyar Abzinawa. Makiyaya sun san ƙasusuwan tun kafin masana su iso.

An daɗe ana zana sorofod tsundum cikin fadama, wai ƙafafunsu ba za su iya ɗaukar jikin a tudu ba. Masana da kansu suka yaɗa wannan, su ne kuma suka janye shi. An samu sawunsu a inda ƙasa ce, ƙafafun kuma miƙaƙƙu ne kamar ginshiƙi irin na giwa, sannan dabbar da ta nutse har wuya, nauyin ruwa zai danne ƙirjinta ya hana ta numfashi. Sirrin ɗaukar jikin yana cikin ƙashin baya da na wuya: cike suke da kogunan iska, irin na tsuntsu, sai ga girma ba tare da nauyin da ido ke zato ba. Ba sa tauna, haɗiya kawai suke yi, saboda haka kan bai buƙaci manyan muƙamuƙai ba, wuyan ya samu damar miƙewa. Raƙumin dawa gaɓoɓin wuya 7 gare shi, daidai da mutum. Nigersaurus yana da 13, wasu Mamenchisaurus na ƙasar Sin har 19.

Cewa sorofod ne dabbobi mafi girma da suka taka ƙasa, wannan ya tabbata. Argentinosaurus da Patagotitan na Ajantina sun kai mita 30 ko fiye. A nauyi dai, shuɗin kifin wel na teku, wanda ke raye har yau, ya fi su duka. Masu cewa ƙwan sorofod ya kai tulu ko randa sun yi ƙari. A Auca Mahuevo ta Ajantina, inda aka gano sheƙunansu a 1997, dubban ƙwai ne birjik, kowanne bai kai ƙwallon ƙafa ba, wasu ma da ƙasusuwan ’ya’yan a ciki.