FILIN GWAJIN DAWAKI

Birnin Kudu da Gwaram garuruwa ne biyu da ke kudancin Jihar Jigawa, wajen iyakar Jihar Bauci. A zamanin da duka biyu ƙasar Kano ne, hakimansu kuwa na Sarkin Kano ne. A ran 27 ga watan Agusta na shekarar 1991 aka yanke Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Yanzu garuruwan nan biyu suna cikin masarautar Dutse.

Ƙasa ce ta noma da kiwo. A Birnin Kudu akwai manyan duwatsu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen farko suka bar hotunan shanu a jikin dutse. Ta wajen Gwaram kuwa akwai Kogin Bunga da fadamu. Saboda haka ba abin da dokin wannan ƙasa ba ya gamuwa da shi a hanya. Ga dutse, ga rairayi, ga ruwa, ga kadarko, ga kuma motoci a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta biyo ta Wudil.

Hausawa sun daɗe da doki. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Duk waɗannan kayan tsaron jiki ne, na doki da na mahayinsa. Yau babu yaƙi, amma hawa bai mutu ba. Ana hawan salla, ana hawan angwanci, ana kilisa da yamma, samari kuma su kan yi sukuwa a bayan gari. A 1956 an yi babban hawa a Kaduna domin Sarauniyar Ingila, a 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun da duniya ta ke alfahari da su.

Amma abin da ya ke da daɗin kallo ya kan zama abin kuka in ba a yi shi bisa tsari ba. Doki ya fi ƙarti huɗu nauyi. In ya faɗi a guje, ko ya kutsa cikin taro, a kan sami karaya, wani lokaci ma a rasa rai.

Halin doki

Kafin mutum ya shirya wa doki fili, tilas ya san halinsa. Doki dabba ce mai tsoro. A daji ba shi da ƙaho, ba shi da farce, gudu ne makaminsa. In ya ga abin da bai sani ba, sai ya zabura tukuna, daga baya ya duba.

Idanunsa suna gefen kai, saboda haka yana ganin kusan ko'ina kewaye da shi. Amma akwai wuri biyu da ba ya gani, watau dab da goshinsa da kuma dab da wutsiyarsa. Shi ya sa in yaro ya ɓullo masa ta baya ba zato, sai ya yi harbi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne.

Ƙafafunsa kuma sirara ne in an gwada su da nauyin jikinsa. In ƙashin ƙafar doki ya karye, da wuya ƙwarai a ɗora shi, gama doki ba ya iya daɗewa a kwance, ba ya kuma iya daɗewa tsaye a kan ƙafa uku. Rami ɗaya ƙarami ya isa ya raba mutum da dokin da ya yi shekaru yana kiwo.

Gwaji iri biyu

Ana gwada doki ta hanya biyu. Ta fari ita ce sukuwa, inda a ke neman wanda ya fi gudu. Ta biyu kuwa gwajin natsuwa ne, inda a ke neman wanda ya fi ladabi.

Mutanen Amurka sun ba wannan na biyu muhimmanci. Makiyayansu da dawaki su ke bin shanu, don haka su kan so dokin da zai tsaya a buɗe ƙofa, ya haye gada, ya tsallake icce ba gardama. Sai suka mai da abin wasa. A kan shirya fili, a jera irin abubuwan da doki ke gamuwa da su a hanya, mahaya su bi ɗaya bayan ɗaya, alƙali yana ba da maki. Wata babbar ƙungiyarsu ta masu dawaki, wadda a ke kira AQHA, da aka kafa a 1940, ta rubuta dokokin wannan wasa.

Wannan gwaji ya dace da mu. Dokin da zai shiga hawan salla zai ji ƙarar bindiga da kakaki da tambari, zai ratsa taro, zai kuma tsaya cik a wurin jahi. Gudu kaɗai ba ya wadatar da shi. In samarin Birnin Kudu ko na Gwaram sun so su shirya irin wannan gwaji a bayan gari, ga yadda ya kamata su yi.

Zaɓen fili

Da farko a nemi izinin mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya sanar da hakimi. Sa'an nan a zaɓi fili shimfiɗaɗɗe, nesa da hanyar mota da kasuwa da rijiya.

Ƙasa mai turɓaya kaɗan ita ce ta fi. Fako yana da tauri, ya kan bugi kofato. Falalen dutse yana da santsi. Rairayi mai zurfi ya kan gajiyar da jijiyar ƙafa. Fadama kuwa da damina laka ce, da rani kuma ta kan tsattsage, ta riƙe sawun shanu da ya bushe.

In an sami fili, sai mutane su jeru kafaɗa da kafaɗa, su taka shi tun daga wannan gefe har wancan. Su tone kututture da guntayen karan dawa, su kwashe ƙaya da tsakuwa da fasassun kwalabe da tsohuwar waya, su cike ramin gafiya da na kurege, su daddaɓe. A sake yin haka da safiyar ranar wasa, gama gafiya ba ta san an share fili ba.

Abubuwan da za a jera

Na fari, ƙofa. A kafa itatuwa biyu masu ƙarfi, a ɗaura ƙyaure marar nauyi ko igiya. Mahayi zai buɗe, ya wuce, ya rufe, yana bisa doki. A bar faɗi yadda likkafa ba za ta sarƙe ba.

Na biyu, sanduna. A kwantar da sanduna huɗu a ƙasa, doki ya tsallake su ɗaya ɗaya bai taɓa ba. Tazararsu ita ce babban abin lura, gama tilas ta yi daidai da takun doki. In tafiya ce ta sannu, a bar inci 20 zuwa 24 tsakaninsu, watau santimita 50 zuwa 60. In sassarfa ce, a bar kamar ƙafa 3. A auna da ma'auni, kada a yi da ka. A kuma tokare kowace sanda don kada ta mirgina ƙarƙashin kofato.

Na uku, kadarko. A yi shi da katako mai kauri, a kwantar da shi a ƙasa daram. Faɗinsa kada ya gaza ƙafa 3, tsawonsa kuwa ƙafa 6. Kada a bar tsaga wadda kofato zai shige, kada a bar kan ƙusa a waje. Katakon da gara ta ci, ko da yana da kyaun gani, a yar da shi.

Na huɗu, ja da baya. A kwantar da sanduna biyu su zama lungu, doki ya bi tsakaninsu da baya. Tun da ba ya ganin bayansa, sai ya dogara ga mahayinsa. Nan a kan gane wanda ya saba da dokinsa.

Na biyar, ruwa. A yi ɗan kwari marar zurfi, mai ƙasa mai tauri, ruwan ya tsaya a idon sawun mutum. Wannan shi ke koya wa doki ƙetare rafi.

Tsakanin kowane abu da na gabansa a bar fili isasshe, yadda doki zai huce ya shirya. A fara da mai sauƙi, a ƙare da mai wuya. In akwai yara masu hawa, ko dukushin da bai gama horuwa ba, a rage musu.

Abubuwan da ba a sawa

Ba a sa wuta ko hayaƙi. Ba a sa tayar mota, gama kofato ya kan maƙale cikinta. Ba a sa kadarko mai lilo, ko fatar dabba, ko dabba mai rai. Dokokin mutanen Amurka ma sun hana waɗannan duka. Mu ƙara da kwanon rufi da waya mai ƙaya da ƙarfe mai tsatsa. Rauni ƙarami daga tsohuwar ƙusa ya kan jawo ciwon sandarewar jiki, wanda ke kashe doki, ya kuma kashe mutum.

Dokar da ta tattara duka ita ce wannan: an shirya fili don a gwada doki, ba don a yi masa tarko ba. Mai shiri ya tambayi kansa, in doki ya yi kuskure a nan, me zai same shi? In amsar ita ce zai rasa maki, to, madalla. In amsar ita ce zai ji ciwo, a kawar da abin.

Mahayi da kayansa

Kafin a hau, wani dattijo da ya san dawaki ya duba kowa. Ya ja majayi ya ga ko sirdi ya ɗauru. Ya duba kamazuru da igiyar likkafa ko sun tsufa. Ya ɗaga jalala ya ga ko akwai miki a gadon baya. Dokin da ke ɗingishi ko tari, a mai da shi barga.

Linzaminmu na gargajiya yana da ƙarfi ƙwarai, don haka yana son hannu mai taushi. Wanda ya fasa wa dokinsa baki, ko ya huda masa ciki da kaimi, alƙali ya fitar da shi. Mahayi kuma ya sa hular kwano. Ba abin kunya ba ne, gama jarumawan da ma da kwalkwali su ke hawa.

A yi wasa da safe ko da la'asar, musamman da bazara. Doki ya kan sha ruwa lita 25 ko fiye a yini, in ana zafi kuwa ya fi haka. A tanadi ruwa da inuwa. A kafa turaku nesa da juna, kada a ɗaure ingarma kusa da goɗiya ko kusa da wani ingarma.

'Yan kallo

Yara, nan ne naku aikin. A kan kewaye fili da igiya, a bar ƙofar shiga dabam, ta fita dabam. Ku tsaya bayan igiya. Kada ku ƙetare fili, ko da hularku iska ta kai can. Kada ku tsaya inda dawaki ke ƙare gudu, gama ba kullum doki ke tsayawa inda mahayi ya so ba. Kada ku yi jifa, kada ku kaɗa tsumma ko leda. Wanda ya zo da ƙanensa ya riƙe hannunsa. In za ku matsa kusa da doki, ku nemi izinin mai shi, ku tunkare shi ta wajen kafaɗa kuna magana a hankali.

Doki ɗaya ke shiga fili a lokaci ɗaya. Kafin a fara, mahaya su zaga da ƙafa tare da alƙali, ya nuna musu hanya. In sanda ta goce, a gyara ta kafin na gaba ya shigo, don kowa ya sami daidai da ɗan'uwansa. In doki ya ƙi abu sau uku, a wuce da shi gaba, ba a dukansa. Alƙali kuma kada ya yi wa dokin gidansu hukunci.

In tsautsayi ya auku, a tsai da wasa nan da nan. Wani ya kama doki, jama'a su ja da baya. In mahayi ya suma, ko yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi da ƙarfi, kada a ɗura masa ruwa, kada a jijjiga shi. A kira ma'aikacin lafiya, a kai shi asibiti a kwance bisa abu mai tauri. Akwai babban asibitin Tarayya a Birnin Kudu, amma tun kafin a fara wasa ya kamata a ajiye mota kusa, a kuma san hanyar da za ta bi.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Share fili da auna sanduna aiki ne na yini guda, amma karaya jinya ce ta watanni. Wasan da ya yi kyau shi ne wanda aka tashi kowane doki ya koma turkensa da ƙafa huɗu, kowane yaro kuma ya koma gida lafiya.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa Jihar Jigawa, ina ne kuma babban birninta?
2. Faɗi wuri biyu da doki ba ya gani.
3. Don me ba a yin gwajin dawaki a fako ko a fadama?
4. Santimita nawa a ke bari tsakanin sanduna in doki zai bi su a sannu?
5. Kawo abubuwa huɗu da ba a sawa a filin gwaji, ka faɗi dalili.
6. Me za a yi in mahayi ya faɗi yana kukan wuya?
7. Zana filin gwaji a littafinka, ka nuna inda 'yan kallo za su tsaya.