Tramol a garkar albasa: kaso ko asibiti?

A Tamaske, cikin gundumar Keita, wasu samari na shan tramol don su jure aikin garkar albasa. Ƙwayar tana ɓoye gajiya ne kawai. Yawanta na kawo suma da farfaɗiya.

Dokar Nijar ta 1999 ta tanadi hukunci ga mai sha da mai sayarwa. Wasu dattawa sun ce in aka ɗage hukunci, yara za su lalace. Wasu kuwa sun ce kaso ba ya warkarwa, gona ce ke rasa hannu. Ƙasar Fotugal, tun 2001, ta daina ɗaure mai sha, magani ake nema masa. Dillali kuwa ana ɗaure shi.

Manomi, in ɗanka ya kamu, kai shi asibiti da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.