Jan Layin da ke Ƙarƙashin C

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10, kuma tun daga lokacin mutane ke kai kwamfutocinsu shago a ɗora musu Windows 11. Sauya manhajar bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne wata lamba da mai gyara ke bugawa cikin daƙiƙa biyar yayin da yake raba ma'ajiyar kwamfutar, ba tare da ya tambayi mai ita ko aikin me yake yi ba. Lambar nan ita ce girman C, ɗakin da Windows zai zauna, kuma a mafi yawan kwamfutocin da suka biyo ta hannuna an yanka ta ƙasa da yadda ya kamata.

'Yar yayata, ɗaliba ce a jami'a, ta sayi laftof ta hannu mai SSD giga 256. Wata biyu da kai ta shago a ɗora mata Windows 11 sai ta kira ni: "Kawu, C ɗina ya yi ja, kuma ni ban sa komai ba." Da na buɗe sai na tarar an ba C giga 60, an bar wa D kusan 177, domin ma'ajiyar da aka rubuta wa 256 a kwali kimanin 238 take nunawa a cikin Windows. Babu komai a D sai finafinai uku da hotunan wani biki. C kuwa saura giga biyu da 'yan kai. Na koma wurin wanda ya yi aikin na ce, "Injiniya, me ya sa 60?" Ya ce, "Yallaɓai, ai haka muke yi. Ko an zo fomat, kayanta na nan a D." Ko a jikinsa, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ya yi. Amma Microsoft da kanta giga 64 ta gindaya a matsayin mafi ƙarancin ma'ajiyar da Windows 11 ke buƙata, wato an ba babbar manhajar ɗakin da bai wuce na dole ba.

Amsar injiniyan nan ita ce tushen matsalar, kuma tana da tarihi. Duk wanda ya yi zamanin Windows XP a gidajen kafe da shagunan buga takardu ya san yadda bairos ke yawo a filas, daga wannan kwamfuta zuwa waccan, ya ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Neman cutar a cire ta aikin sa'o'i ne, kuma babu kwastoman da zai biya kuɗin sa'o'i. Fomat kuwa aikin awa ɗaya ne, farashinsa sananne. Sai fomat ya zama maganin komai: kwamfuta ta yi nauyi, fomat, firinta ta ƙi aiki, fomat. Mutumin da ya san zai rushe ɗaki duk bayan wata shida ba zai gina shi da faɗi ba, kuma ba zai so a ajiye kaya masu daraja a ciki ba. Daga nan aka samo dabarar ƙaramin C da ƙaton D, kuma a wancan lokacin hikima ce. XP giga ɗaya da rabi kacal yake nema. Windows 7, da ya fito a 2009, yana neman 16 ko 20. Wanda ya ba C giga 40 a lokacin ya yi kyauta.

To sana'ar gyara a wurinmu da ido ake koyonta. Yaron shago yana tsaye a bayan ubangidansa, ya ga lambar da ya buga, ya haddace, ranar da ya buɗe nasa teburin ya buga irinta. Lambar ta ɗan motsa, daga 30 zuwa 50 zuwa 60, amma tafiyar hawainiya take yi alhali Windows na gudu. A 2019 Microsoft ta ɗaga mafi ƙarancin Windows 10 zuwa giga 32, a 2021 Windows 11 ya ninka shi. Sannan ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: ma'ajiyar kanta ta ƙanƙance. Tsohon faifai mai juyawa giga 500 ne ko tera ɗaya, ka yanki kashi ɗaya cikin huɗu ka samu wuri isasshe. Laftof ta hannu da ke shigowa yanzu yawanci da SSD 128 ko 256 take zuwa, ko a sa mata shi a nan don ta yi sauri. Ga masu yankan kwata maimakon haddace lamba, hannun bai canza ba, sai kwatan ya zama ɗan tsito. Wasu na zargin cewa da gangan ake yi don kwastoma ya dawo. Ban yarda ba. Sabo ya isa ya bayyana komai, ba sai an nemo mugun nufi ba.

Dabarar tana kuma tsaye ne a kan zaton cewa mai kwamfuta zai riƙa ajiye kayansa a D. Ba ya yi. Abin da ya sauke daga intanet a Downloads yake faɗawa, aikin da yake so ya gani da sauri a Desktop yake jibge shi, kuma dukansu a cikin C suke. Ko da ya kasance mai tsari, akwai abin da ba shi da iko a kai. Chrome da WhatsApp da Outlook da sauransu suna tara nasu tarkacen a wata ɓoyayyar jaka mai suna AppData, wadda yawancin mutane ba su taɓa ganinta ba. Windows yana keɓe wa kansa kimanin giga 7 don sabuntawa. Fayil ɗin da yake zuba aikinka a ciki idan kwamfuta ta shiga dogon barci yakan ci kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM, ga kuma pagefile a gefe, wanda shi ma da girman RAM yake tafiya. Idan babban sabuntawa ya zo, tsohon Windows ɗin gaba ɗaya ake tattarawa a Windows.old a ajiye kwana goma ko za ka so komawa. Wannan kaɗai kan kai giga ashirin ko fiye. Ka ɗora Office, ɗalibin zane ya ƙara AutoCAD, mai koyon haɗa manhajar waya ya ƙara Android Studio, sai ka ga inda 60 ɗin ta tafi. Maganar yarinyar cewa ba ta sa komai ba gaskiya ce.

Da illar ta tsaya a jan layin nan, wanda Windows ke nunawa idan abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, da da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne sabuntawa. Kwamfuta ta sauke giga uku ko huɗu, ta zo ɗorawa ta rasa wuri, ta fasa, wani lokacin ta sake saukewa daga farko. A ƙasar da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, babu wanda zai jure wannan sau biyu. Sai a koma shago a ce a kashe sabuntawa gaba ɗaya, kuma akwai masu kashewa tun ranar ɗorawa. Kwamfutar da ba ta karɓar facin tsaro ita ce bairos ke samu a ɓagas, bairos ya kai ta ga fomat, mai fomat ya sake buga 60. An gudu ba a tsira ba. Wasu kuma su shiga jakar Windows suna goge abin da ba su sani ba, ko su sauko da manhajojin shara na bogi waɗanda su kansu cuta ne, a yi gyaran gangar Auzinawa.

Kada a ɗauka masu gyara ne kaɗai ke kuskuren lissafi. A Janairun 2024 Microsoft ta fitar da sabuntawa mai lamba KB5034441 don toshe wata ɓaraka a BitLocker, sai ta ƙi hawa a kwamfutoci masu ɗimbin yawa tana nuna 0x80070643. Dalili kuwa ɗan yankin farfaɗowa da Windows ke yanka wa kansa ba shi da megabait 250 da ake buƙata, kuma kamfanin ya ce kowa ya faɗaɗa nasa da hannu. Idan mai manhajar ya kasa hango yadda za ta kumbura, ina ga mai teburi a kasuwa? Shi ya sa sauran masu manhajoji suka fara guje wa katanga mai tsayayyen wuri. Tun 2017 tsarin APFS na Apple ke barin sassa su ci daga fili ɗaya gwargwadon buƙata, Fedora kuma ta koma Btrfs a 2020, inda tsarin da kayan mai kwamfuta ke raba wuri ba tare da an ƙayyade wa kowa ba.

Masu kare rabawa suna da abin faɗa, ba zan hana su ba. Wanda ke son ɗora Windows da Linux a ma'ajiya ɗaya dole ya raba. Shagon buga takardu da filas hamsin ke shiga a yini zai ci gaba da fomat, kuma D na rage masa wahala. Iyakarta ke nan. Hujjar cewa gefen farko na faifai ya fi sauri ta mutu tare da faifai mai juyawa, SSD bai san gefe ba. Windows yana da hanyar sake ɗora kansa ya bar maka fayilolinka. Mafi haɗari kuma shi ne kwanciyar hankalin ƙarya da D ke bayarwa. Rumbu ɗaya ne aka ja wa zana a tsakiya, ranar gobara duka ɓangarorin za su ci wuta. SSD ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, ko bairos mai kulle fayiloli ya nemi fansa, C da D tare za su tafi. Na ga ɗalibin da bai kwafi kundin bincikensa a ko'ina ba don an ce masa yana D.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana. SSD 256 ko ƙasa da haka, a bar shi dunƙule, a bar Windows ya yanki ƙananan sassansa da kansa. Mai 512, wanda ke nuna kimanin 476, in ya nace sai ya raba, kada C ya gaza 200. Kuɗin da za a kashe a dawowa shago a sayi ma'ajiyar waje da shi. Kuma a yanke shawarar tun ranar ɗorawa, domin gyara daga baya ba shi da daɗi: Disk Management ba ya faɗaɗa C sai da fili babu kowa a manne da shi ta dama, wato sai an rushe D, kuma wani lokacin yankin farfaɗowa ne ke tsaye a tsakani ya tare hanya. Akwai manhajojin da ke tura katangar ba tare da gogewa ba, amma laftof ta hannu mai mataccen batir, a ɗauke wuta ana tsakiyar turawa, kaya sun salwanta.

Ta 'yar yayata ta zo da sauƙi tunda D ɗin kusan fanko ne. Muka kwashe finafinan da hotunan a filas, muka rushe D, muka miƙe C ya cinye filin, duk bai kai rabin awa ba. Da na shiga Settings sai na tarar an dakatar da sabuntawa tun ranar da ta karɓo ta daga shago, akwai na wata biyu suna jira. Na kunna, ta kalli yadda giga ke sauka ta ce, "Kawu, datar wa za a ci?" Tawa aka ci.