Minshari ba barci mai daɗi ba ne: Yadda ake riƙe na'urar numfashi a garin da wuta ba ta da tabbas

A lokacin zafi, idan dare ya raba a Damaga da ke ƙaramar hukumar Maradun ta jihar Zamfara, galibin mutane a tsakar gida suke kwana. Ta saman katanga ake jiyo wanda ke minshari, kuma da safe abin tsokana ne. Wasu ma cewa suke yi alamar gajiyar mai nema ce.

Sai dai akwai wani minsharin da ba na dariya ba. Mutum zai yi ta ja da ƙarfi, sai a ji tsit kamar an toshe masa baki. Bayan ɗan lokaci ya zabura da shaƙuwa, ya ja iska, ya ci gaba. Shi bai san an yi ba. Matarsa ce ta sani, domin ita ke zaune tana jiran numfashin ya dawo.

Likitoci na kiran wannan lalura ɗaukewar numfashi cikin barci. Tana da magani, kuma a gida ake yin sa da wata 'yar na'ura da ake kira CPAP. Matsalar ita ce an ƙera na'urar ne da tunanin gidan da wuta ba ta ɗaukewa, wanda ba shi ne gidan mutumin Damaga, ko Bakura, ko Talata Mafara ba.

Me ke faruwa a maƙogwaro?

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe sukan saki. A wajen wasu, sakin kan kai ga hanyar iska ta matse ko ta rufe baki ɗaya. Idan numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, likitoci na lissafa shi a matsayin ɗaukewa ɗaya.

Daga sau 5 zuwa 14 a cikin awa guda, lalurar mai sauƙi ce. Daga 15 zuwa 29 matsakaiciya ce. Sau 30 zuwa sama kuwa ta yi tsanani. Wato akwai mutumin da a dare ɗaya numfashinsa ke yankewa sau ɗaruruwa.

Duk lokacin da hakan ta faru, iskar oksijin na raguwa a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da jiki, zuciya ta ƙara gudu. Shi ya sa mai lalurar zai kwanta tun bayan Isha'i amma ya tashi a gajiye, da ciwon kai da bushewar baki. Yakan yawaita tashi fitsari da dare, ya yi ta gyangyaɗi a majalisa, ko ana tsakiyar huɗuba.

Lalurar na da alaƙa da hawan jinin da ke ƙin jin magani, da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon suga. Ga direban da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Sakkwato ta Talata Mafara, gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya isa ya jawo asarar rayuka.

Wani bincike da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da lalurar a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Ta fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da waɗanda suka haura shekara 50. Mata ma na samun ta, musamman bayan daina al'ada.

Na'urar da ta fara da injin shara

Wani likita ɗan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro maganin a birnin Sydney, inda ya yi amfani da injin zuƙar shara da aka juya shi ya riƙa hura iska. A 1981 ya wallafa sakamakon gwajinsa kan marasa lafiya biyar.

Dabarar ba ta sauya ba har yau. Na'urar na ɗibar iskar ɗaki, ta tace ta, ta tura ta cikin bututu zuwa takunkumin da ke hanci ko hanci da baki. Ƙarfin iskar ne ke tokare maƙogwaro kada ya rufe, kamar yadda iska ke riƙe tayar babur.

Ba injin oksijin ba ce, kuma ba ta warkar da lalurar. Daren da aka sa ta, numfashi zai daidaita. Daren da aka ajiye ta, ɗaukewar za ta dawo.

Masana na ɗaukar awa 4 a dare, cikin kashi 70 na darare, a matsayin mafi ƙarancin amfani. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2016 kan mutum sama da 2,700 masu ciwon zuciya ko jijiyoyin jini ya nuna na'urar ta rage musu gyangyaɗi da damuwa, amma ba ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki ba. A matsakaicin lissafi, ɗan abin da ya haura awa 3 kawai suke sa ta a dare. Darasin da likitoci da dama suka ɗauka shi ne, sayen na'ura daban, kwana da ita daban.

Kafin a saya, sai an auna

Mataki na farko shi ne ganin likita tare da wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai lalurar. Hoton bidiyo na minti biyu ko uku da aka ɗauka da waya lokacin da numfashin ke yankewa na taimaka wa likita ƙwarai.

Daga babban asibitin Talata Mafara ana iya neman takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Malam Aminu Kano, domin ganin likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Gwajin barci ne ke tabbatar da lalurar da kuma ƙarfin iskar da ya dace da mutum. Na'urorin na aiki ne tsakanin lamba 4 zuwa 20, kuma abin da ya yi wa wani daidai na iya yi wa wani kaɗan ko yawa.

Tafiyar kanta ba wasa ba ce a yankin da matsalar 'yan bindiga ta sa mutane ke lissafin lokaci kafin su hau hanya. Don haka yana da kyau a nemi lambar da za a riƙa tuntuɓar asibiti ta waya bayan an dawo gida.

Masu sayen ta hannu kuma su yi hattara. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu na iya rugurgujewa mutum ya shaƙa, kuma zafi da laima na ƙara saurin lalacewarsa. Duk wanda aka kawo wa tsohuwar na'ura daga waje, ya duba lambarta a intanet, kuma ya sayi sabon takunkumi da bututu.

Lissafin wuta

Zamfara na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne, tare da Sakkwato da Kebbi. Ko a manyan garuruwa ba a rantsuwa da wutar dare, balle ƙauyukan da layi bai kai ba ko ya daɗe a lalace. A watan Oktoban 2024 akasarin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta.

Abin farin ciki shi ne na'urar ba ta da ci. Galibi ba ta wuce wat 30 zuwa 60 idan ba a kunna ɓangaren da ke ɗumama ruwa ba, wato kusan cin fankar ƙasa. A awa 8, abin da za ta ci bai kai rabin yunit ɗaya na mita ba.

Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda ake haɗa wa sola, na ɗaukar sama da yunit ɗaya kaɗan. Ko da rabinsa kawai aka yi amfani da shi domin kada ya mutu da wuri, ya isa dare guda. Sharaɗin shi ne a ware shi don na'urar kawai, kada a mayar da shi na cajin wayoyin unguwa da kallon ƙwallo. Wasu na'urorin na da wayar da ke haɗa su kai tsaye da batir ba tare da inbata ba, abin da ke rage asarar caji.

Janareto kuwa, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kwana da shi ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Idan ma za a kunna, a nesanta shi da taga, domin na'urar za ta zuƙi hayaƙinsa ta kai shi hanci kai tsaye.

Ƙura, gemu da ranar girki

Lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar iskar cikin 'yan kwanaki. A riƙa duba ta duk mako, a sauya idan ta yi duhu. Kada a ajiye na'urar a ƙasa, a ɗora ta kan kujera 'yar tsuguno ko ƙaramin tebur, a lulluɓe ta da rana. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi su yi nesa da ita. Bututun na iya bi ta ƙarƙashin gidan sauro, ba sai an ɗage shi ba.

Takunkumin na son wanki kullum da ruwa mai tsafta da sabulu marar ƙarfi, bututun kuma duk mako, a shanya su a inuwa. Ɗan tankin ruwan da ke hana hanci bushewa an fi so a zuba masa tataccen ruwa na kantin magani. Idan babu, ruwan da aka tafasa ya huce zai yi na ɗan lokaci, amma a zubar a wanke kowace safiya. Kada a kuskura a zuba ruwan batir, domin akwai mai asid a cikinsa.

Masu gemu da gashin baki kan yi fama da yoyon iska idan takunkumin mai rufe baki ne. Akwai ƙarami da ke zama a ƙofar hanci kawai, wanda ba ya buƙatar aski.

Mai mata fiye da ɗaya, ko dai na'urar ta bi shi ɗakin mai girki, ko ta zauna a turakarsa. Wanda ya tashi sallar dare ko Asuba kuma zai koma barci, ya mayar da ita, domin a ƙarshen dare ne barcin mafarki ke yawaita, lokacin da maƙogwaro ya fi saki. Haka ma barcin rana.

Makonnin farko sun fi wuya. Wasu kan ji kamar an shaƙe su. Likitoci kan ba da shawarar a fara sa takunkumin da rana, ana zaune ana sauraron rediyo, har jiki ya saba.

Ga wanda bai da halin saye

Gaskiya ita ce na'urar da batir da sola sun fi ƙarfin mafi yawan manoman shinkafar da ke noman rani a filayen madatsar ruwan Bakolori. Amma akwai abin da ba ya buƙatar kuɗi.

Kwanciya ta gefe ta fi ta rigingine. Rage ƙiba na rage tsananin lalurar. Taba da giya na ƙara ta, haka ƙwayoyin sa barci da kodin da tiramadol, waɗanda ke iya danne numfashin baki ɗaya. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, direba kuma ya tsaya da zarar ya ji ido na nauyi.

Idan yaro ne ke minshari yana kwana baki buɗe, sau da yawa kumburin naman bayan hanci da maƙogwaro ne, kuma ana cire shi a asibiti. Kai shi wajen wanzami a yanke masa beli ba ya magance matsalar, sai ma haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta.

Mai wannan lalura ba ya jin kansa. Idan uwargida ta ce numfashin maigida na tsayawa cikin dare, ba tsokana ba ce, ba kuma raini ba. Ita ce shaida ta farko da likita zai so ya ji daga bakinta.