Minti biyar, a kaɗa ƙararrawa, a sake kujera: sabuwar sana'ar haɗa ƴan kasuwa

A manyan biranen duniya akwai mutanen da ba su sayar da buhu ko yadi, amma suna cin abinci da kasuwa. Hajarsu ita ce gabatar da wane ga wane. Sukan kama zaure a otel, su jera teburori da kujeru biyu-biyu suna fuskantar juna, su gayyato ƴan kasuwa da ma'aikata, kowa ya biya kuɗin shiga. Mutum biyu su zauna, kowanne ya faɗi sunansa da sana'arsa da abin da yake nema, su yi musayar katin adireshi. Da minti biyar ya cika sai a kaɗa ƙararrawa, layi guda ya matsa kujera ta gaba.

Asalin dabarar daga neman aure ta fito. A shekarar 1998 wani malamin Yahudawa a Los Anjalas ta Amurka, Yaacov Deyo, ya shirya wa samari da ƴanmata irin wannan zama don su ga juna cikin ƴan mintoci. Masu harkar kasuwanci suka ga abin ya yi, suka ɗauka. Tun kafin nan ma, a 1985, Ivan Misner ya kafa ƙungiyar BNI a jihar Kaliforniya, inda ake haɗuwa kowane mako, kowa ya gabatar da kansa cikin kamar minti guda, kuma ba a karɓar mutum biyu masu sana'a iri ɗaya a reshe guda.

A ɓangaren masu magana da Faransanci, taron Futurallia ne ya yi suna. An fara shi a 1990 a garin Puwatiye na Faransa, daga baya ya zaga har Kansas Siti a 2011 da Istambul a 2013. Tsarinsa ya fi natsuwa: kowane kampani yakan rubuta abin da yake sayarwa da abin da yake buƙata tun kafin ranar, ya zaɓi waɗanda yake son gani cikin kundin mahalarta, kwamfuta ta tsara masa ganawa fiye da 10 cikin kwana 2, kowace ta rabin awa. Da wannan tsari ne majalisar ƴan kasuwa da masana'antu ta Burkina Faso ta buɗe Africallia a Wagadugu a 2010.

Mai son shiga wannan sana'a, lissafi ne farkon aikinsa. A ƙaddara mutum 40 sun zo. In an raba su layi biyu, kowa zai gana da mutum 20, wato minti 100, ban da lokacin tashi da zama. Amma waɗanda ke layi ɗaya ba za su taɓa fuskantar juna ba. In kuwa an ce dole kowa ya ga kowa, ganawa 780 ke nan, zagaye 39, fiye da awa 3, kuma tun kafin a kai rabi murya ta dushe, fuskoki sun gauraye a ka. Shi ya sa gwanaye ke raba layin da hankali: masu kaya a dama, masu saye da masu sufuri da ma'aikatan banki a hagu. Wanda ya cika zaure da masu sayarwa zalla ya karɓi kuɗin mutane a banza, don kowa zai zo da bakinsa ya bar kunnensa a gida.

Kuɗin shiga kaɗai ba kasafai yake riƙe sana'ar ba. In kowane cikin 40 ɗin ya biya jikka 10, an tara jikka 400, daga ciki za a fidda hayar zaure, da abin sha, da buga kundi, da sanarwa a rediyo. Ribar takan fito ne daga banki ko kampanin tarho da ya ɗauki nauyin taron don a kafa sunansa a bango, ko daga kuɗin ƙungiya na shekara. Akwai kuma ciwon kai na wanda ya rubuta suna bai zo ba: kujerarsa ɗaya in ta zauna wayam, kowane zagaye akwai wanda zai yi minti biyar yana kallon bango bayan ya biya.

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram zai ce ai wannan dillanci ne, kuma yana da rabin gaskiya. Mai gida a zango yakan sauki baƙo, ya nemo masa mai saye, dillali ya ci la'adarsa in ciniki ya faɗa. Sai dai mai gida yana tsaya wa mutum: in an ba da shanu ko goro bashi, sunansa ne jingina. Mai shirya zaman minti biyar yana karɓar kuɗinsa tun a bakin ƙofa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma bai lamunce wa kowa komi ba. Katin adireshi mai ruwan zinariya, kowace maɗaba'a tana buga shi.

Ga kuma al'ada. Inda gaisuwa kaɗai, daga gajiya zuwa iyali zuwa kasuwa, takan ci minti biyu, ƙararrawar minti biyar rashin kunya ce; takwas ko goma sun fi dacewa. Babban alhaji ba zai yi ta tsalle daga kujera zuwa kujera ba, yaronsa zai aiko, yaron kuma ba shi da ikon cewa «na saya». Mai shiri mai wayo yakan ba manya kujerun da ba su motsi, matasa su yi zagayen. Ma'aikacin gwamnati kuwa, musamman wanda takardun kwangila ke bi ta bironsa, ya kamata ya tambayi wane ne ya biya masa kujera kafin ya zauna gaban mai neman kwangilar.

Masu shiri na ƙwarai sukan kira mahalarta bayan wata guda su ji ganawa nawa ta kai ga ziyara a kanti ko a biro, nawa ta kai ga oda. Wannan adadi ne sukan nuna wa banki in sun je neman mai ɗaukar nauyin zama na biyu.