Akwatin Da Ke Daidaita Muryar Jita Da Haske

Duk wanda ya saurari kiɗan jita da kunnen basira ya san halin tsirkiya: da an taɓa ta sai ta yi ƙara mai ƙarfi, kafin ƙiftawar ido kuma muryar ta dusashe. Domin maganin haka ne makaɗa suke sa wani ɗan akwati tsakanin jita da lasifika, wanda ake takawa da ƙafa, ana ce da shi kwamfiresa. Aikinsa shi ne ya danne ƙarar in ta yi yawa, yadda za a iya ɗaga muryar baki ɗaya ba tare da ta fashe ba.

Akwai irinsa da yawa, amma ɗaya daga cikin waɗanda masu haɗawa a gida suke so shi ne mai aiki da haske. A cikinsa akwai ɗan ƙwan fitila na LED yana fuskantar wani idon haske da ake kira LDR, watau irin wanda ake sa wa fitilun titi don su kama da kansu da magariba. In makaɗi ya bugi tsirkiya da ƙarfi sai fitilar ta haska, idon ya buɗe wa lantarki hanya, ƙarar ta ragu. Dabarar tsohuwa ce. Tun farkon shekarun 1960 Jim Lawrence ya yi amfani da ita a Amurka cikin na'urar Teletronix LA-2A, wadda har yau ɗakunan ɗaukar waƙa suke alfahari da ita.

Abin lura shi ne idon nan yana da nawa. Yana saurin amsa haske, amma in fitila ta mutu yakan ɗauki lokaci kafin ya koma yadda yake, har ma yakan ƙara jinkiri in ya daɗe cikin haske. Wannan nawar ita ce ke ba muryar taushin da makaɗa ke nema, ita ce kuma tushen yawancin wahalar mai haɗawa, domin ko daga leda ɗaya aka ɗebo idanu biyu, da wuya halinsu ya zo ɗaya. Mai hankali yakan sayi kamar goma, ya auna kowanne da mita cikin duhu da cikin haske, sa'an nan ya zaɓa. Ana sayar da fitila da ido a haɗe cikin kwanso ɗaya da sunan Vactrol, sai dai idon yana ɗauke da sinadarin kadmiyam, wanda Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi a kayan lantarki tun 2006. Mutane da yawa sukan haɗa nasu cikin baƙar robar nan mai tsukewa in ta ji zafi.

To, a nan ne ake yawan faɗawa rami. In haske ya sami ko ƙofar allura ya shiga, akwatin zai danne murya ko ba a buga komai ba. Saboda haka kada a yanke masa hukunci yana buɗe a kan teburi ƙarƙashin fitilar ɗaki. A rufe shi tukuna. In kuwa murya na fita amma ba ya danne ta ko kaɗan, a duba ko an juya ƙafafun LED, gama ta hanya ɗaya kawai take kamawa. Fitila koriya ko rawaya ta fi dacewa, don launin da idon ya fi gani ke nan. In shiru aka ji ɗungum, a ɗauki mita: batir mai bolt 9 ne, kuma a yawancin tsare-tsare ya kamata a sami rabinsa, watau 4.5, a mashigar ƙaramar na'urar ƙara sauti irin TL072.

Saura shuuu ɗin da ake ji in an daina kiɗa. Ba lallai ne ya zama lalacewa ba, domin akwatin yana ɗaga hayaniyar wayoyi tare da muryar. A gajarta wayoyin ciki, a sa komai cikin akwatin ƙarfe da aka haɗa da wayar ƙasa, a kuma rage maɓallin dannewa kaɗan.