Yadda A Ke Maido Da Baƙin Robar Tsohuwar Mota

Jama'a, yau da wuya a sami ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ran kasuwa mu kan ga Golf da Peugeot sun cika tasha, suna ɗaukar mutane da buhuna. Yawancinsu sun tsufa. In mun duba da kyau, za mu ga bambar gaba da ta baya, da marfin madubi, da robar da ta bi gefen ƙofa, duk sun koɗe. Dā baƙi ne wuluk, yanzu sun koma kamar toka. Direba ya wanke, ya goge, in ta bushe sai tokar ta komo. To, me ya ke kawo wannan? Kuma mene ne maganinsa?

Mu fara da sanin robar kanta. Motocin dā bambar ƙarfe gare su. Robar da a ke yin bamba da ita yanzu, daga ɗanyen man fetur a ke samunta. Irin wadda aka fi amfani da ita, wani masani na ƙasar Italiya, Giulio Natta, ya haɗa ta a 1954. A 1972 kamfanin Renault na Faransa ya fito da wata ƙaramar mota, Renault 5, mai bambar roba. Sannu a hankali sauran kamfanoni suka bi, domin roba ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, kuma ta fi ƙarfe araha.

Amma roba tana da abokin gāba, watau rana. Cikin hasken rana akwai wani haske wanda ido ba ya gani. Shi ne ke ƙona fatar mutum, shi ne ke koɗar da rini a jikin zane. In ya daɗe yana dūkan roba, tare da iska da zafi, sai ya cinye bayanta. Fuskar robar ta yi kaushi, ta tsattsage ƙanana ƙanana, har ta yi fari. Duk wanda ya bar bokitin roba ko kujera a tsakar gida shekara guda ya ga wannan da idonsa. A ƙasarmu rana tana da ƙarfi, ga kuma ƙurar hunturu tana shiga tsagar, saboda haka abin ya kan zo da sauri.

Kada mu ce ai wannan ado ne kawai. Robar da rana ta cinye ta kan bushe, ta yi gautsi. Ɗan karo kaɗan sai ta fashe, a koma sayen wata. Ran da za a sayar da motar kuma, mai saye da ido ya ke fara ciniki.

Kafin mu kashe ko sisi, sai mu gwada. A jiƙa robar da ruwa. In ta yi baƙi sa'ad da ta ke jiƙe, akwai sauran rai gare ta. A karce wani lungu da farce. In tana zuba kamar gari, ko ta tsage har ciki, to, ta mutu, sai dai canji.

Aikin farko wanki ne. A kai motar inuwa, a bari robar ta huce. A wanke da ruwa da sabulu, a cuɗa da tsohon buroshin haƙori don a fid da ƙurar da ta maƙale. A ɗauraye, a bari ta bushe sarai. Sa'an nan a goge da tsumma mai tsabta wanda aka ɗiga wa sifirit, domin ya kwashe sauran maiƙo. Wani lokaci farin da mu ke gani ba aikin rana ba ne, man goge fenti ne ya bushe a kan robar. Wanki kaɗai ya kan fid da shi.

Bayan wanki, hanya biyu ce. Ta farko, man shafa wa roba, wanda a ke sayarwa a shagon kayan mota. A ɗiba kaɗan a soso, a shafa bai ɗaya, a dakata kaɗan, a goge ragowar da busasshen tsumma. Wannan yana da sauƙi, amma ruwan sama da wanki su kan tafi da shi, sai an riƙa maimaitawa.

Ta biyu, rini ko fenti wanda aka yi musamman domin roba. Shi ya fi daɗewa. A rufe jikin motar da gilashi da tsohuwar jarida. A fesa siriri, a bari ya sha iska, a sake, har sau biyu ko uku. Kada a yi ran da a ke ƙura. Fentin ƙarfe ba ya kama roba, ɓarewa ya ke yi. Kuma wanda ya yi niyyar fenti kada ya fara shafa mai, gama fenti ba ya zama a kan maiƙo. A jikin gwangwanin an rubuta yadda za a yi. Ga amfanin karatunmu ke nan: mu karanta da kanmu kafin mu fesa.

Akwai waɗansu dabaru da mu ke gani a tasha, waɗanda ya kamata mu yi hattara da su. Waɗansu su kan shafa man gyaɗa ko baƙin mai. Robar ta yi sheƙi yau, jibi ta kwashi ƙura ta fi dā muni. Baƙin mai kuma yana cutar fata. Man birki yana cin fentin mota. Waɗansu kuwa su kan gasa robar da wuta. Gaskiya ne baƙin ya kan komo, don fuskar robar ta narke kaɗan. Amma kowane gashi yana ƙara mata gautsi, in hannu ya daɗe wuri ɗaya sai ta lanƙwashe. Mafi muni, wuta da fetur ba su zama wuri ɗaya. Kada a sayar da mota don a gyara bamba.

Wani gargaɗi kuma: kada a shafa mai a sitiyari, ko a wurin taka birki, ko a ƙasan taya. Santsi a waɗannan wurare yana iya jawo hasarar rai.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mu riƙa ajiye mota a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko itace, ko mu rufe ta da tamfol. Mu wanke ƙura kafin ta kwana biyu. Haka kuma za mu yi da babur, da keke mai ƙafa uku, da kujerun makaranta. Abin da muka saya da guminmu, mu ne za mu kula da shi.